Wayar da ba ta da aibi

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya shafe fiye da shekara talatin yana aikin wutar lantarki a Jidda, kuma a tsawon wannan lokaci babu irin ginin da bai ja wa waya ba, tun daga tsofaffin gidajen Balad har zuwa sababbin benaye na arewacin gari. Duk Juma'ar da ya sami sarari yakan zo Makka ya yi salla a Harami, sannan ya biyo ta gidanmu da ke Shara Mansur ya ci abincin rana kafin ya koma. A irin wannan ziyara ce, cikin tsananin zafin bazara, ya tarar da ni da takardu baje a kan darduma, kowace cike da zane mai kusurwa shida-shida. Ya ɗauki ɗaya ya duba da kyau, ya tambaye ni ko saƙar zuma ce. Na ce masa siffar ɗaya ce, amma wannan saƙa ce ta ƙwayoyin zarra na kabon, sinadarin da ke cikin gawayi da kuma baƙin abin nan na tsakiyar fensir, kuma abin da nake nazari shi ne yadda lantarki ke ratsa ta.

Kawu ba mutum ne da ake burgewa da manyan kalmomi ba. Ya gyara zama ya lissafa mini abin da hannunsa ya koya masa: waya in ta yi tsawo turjiyarta na ƙaruwa, in ta yi kauri turjiyar na raguwa, in kuma ta yi zafi sai ta ƙara taurin kai, shi ya sa ba ya yarda ya ɗaura na'urar sanyaya ɗaki, wadda a nan kowa ke kira mukayyif, a kan siririyar waya ko da mai gida ya roƙe shi ya rage kuɗi. Daga nan ya ce, "To ɗana, ku masu lissafi, in aka sami waya wadda ba ta da aibi ko ƙanƙani, babu tsatsa, babu gauraye, wuta za ta wuce ke nan babu turjiya gaba ɗaya?" Na ce, "A'a, Kawu, akwai saura." Ya ce, "To a ina sauran yake zaune?" Amsar da na ba shi a ranar ba ta gamsar da ni ba, domin na yi ta ne cikin gaggawa, abinci yana hucewa. Na karanta fiziya a jami'a, na rubuta kundin digirina na biyu a kan lissafin tafiyar ilektiron, ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, a cikin siraran yankunan girafin, wato wannan saƙa ta kabon, yanzu kuma ina koyar da ɗaliban sakandare, amma duk da haka ban taɓa jin an taƙaita wannan fage cikin tambaya ɗaya kamar yadda mai aikin hannu ya taƙaita shi a wannan rana ba.

Bayanin farko da aka yi wa turjiya ya fito ne daga wani Bajamushe, Paul Drude, a shekarar 1900, shekara uku kacal bayan gano ilektiron. A tunaninsa, ƙwayoyin ilektiron suna tafiya a cikin ƙarfe kamar mutumin da ke ratsa kasuwa mai cunkoso, wanda ba zai yi taku kaɗan ba sai ya ci karo da tebur ko amalanke, ya karkata, ya sake neman hanya. Wannan hoto ya ba da dukan abin da Kawu ya lissafa, domin kasuwa in ta yi tsawo karo yana yawa, in ta yi faɗi mutane da dama na wucewa a tare. Sai dai akwai kuskure a cikin abin da aka zaci ana karo da shi. A 1928 Felix Bloch, yana ɗalibi a Laifzig, ya nuna cewa ilektiron yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma irin wannan igiya ba ta karo da ƙwayoyin zarra muddin suna jere a kan tsari ɗaya da ke maimaita kansa. Abin da ke tare ta shi ne duk abin da ya ɓata jerin, ko baƙuwar zarra da ta shigo, ko gurbin da aka bari fayau, ko kuwa rawar da zarra ke yi a wurinta saboda zafi. A cikin tagulla, a zafin ɗaki, ilektiron kan yi tafiyar kusan nanomita 40 kafin wani abu ya juya shi, wato yana wuce zarra fiye da ɗari ba tare da ya kula da su ba. Nanomita kuwa ita ce kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Saboda haka tambayar Kawu tana kan hanya sarai: in tsari ne ke ba da hanya, ɓaci ne ke tarewa, me zai rage in aka kawar da ɓacin?

Girafin shi ne abin da ya fi kusa da ba mu damar gwada hakan. Shimfiɗa ce ta kabon mai kaurin zarra ɗaya tak, kowace zarra riƙe da maƙwabta uku a tazarar nanomita 0.142, kuma in aka jibga irin waɗannan shimfiɗu bisa juna sai a sami girafait na fensir, wanda a cikin kaurin milimita ɗaya nasa akwai kusan shimfiɗa miliyan uku. Kowace zarrar kabon tana da ilektiron huɗu a zagayenta na waje. Uku sun tafi wajen ɗaure maƙwabta, na huɗun ne ke yawo, kuma shi ne ke ɗauke da lantarki. Abin da ya fi taɓa ni a tarihin wannan abu shi ne cewa alƙalami ya riga hannu isa gare shi da shekara 57. Philip Wallace, ɗan Kanada da ya yi aiki a shirin nukiliya na ƙasarsa a lokacin yaƙin duniya na biyu, yana son fahimtar girafait ne saboda ana amfani da shi a tukunyar nukiliya, sai ya ga lissafin ya fi sauƙi in ya fara da shimfiɗa ɗaya. A 1947 ya wallafa sakamakon. Bai ɗauki shimfiɗar a matsayin abin da wani zai taɓa riƙewa ba, matakala ce kawai a wurinsa, amma lissafin da ya yi shi ne har yau ɗalibi ke farawa da shi, kuma da takarda uku da fensir ana iya maimaita shi.

Abin da lissafin ya fitar baƙon abu ne. A cikin tagulla ko silikon, sinadarin da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, ilektiron yana nuna hali irin na kowane abu mai nauyi, in aka ƙara masa kuzari ya ƙara gudu, in aka rage ya lafa. A cikin girafin kuwa gudunsa ɗaya ne ko kuzarinsa ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kusan kilomita 1,000 a daƙiƙa guda, wanda ya kai kashi ɗaya cikin ɗari uku na gudun haske. Nisan da jirgin ƙasa na Haramaini ke ci tsakanin Makka da Madina, kilomita 450, bai kai masa tafiyar rabin daƙiƙa ba. Abin da aka sani da irin wannan hali na gudu ɗaya tilo shi ne haske da duk abin da ba shi da nauyi, kuma a 1984 Gordon Semenoff, da kuma David DiVincenzo tare da Eugene Mele, suka nuna cewa ƙa'idar lissafin da ta dace da wannan ilektiron ita ce wadda Paul Dirac ya rubuta a 1928 domin ƙwayoyi masu gudu kusa da na haske, in aka cire nauyi daga cikinta. Ilektiron ɗin bai canja ba, shi ne dai wanda ke cikin wayar Kawu. Saƙar da yake tafiya a kanta ce ta sauya masa ɗabi'a.

Labarin yadda aka ciro shimfiɗar sananne ne, ba zan daɗe a kansa ba. A 2004, a Jami'ar Manchesta ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka riƙa ɓare girafait da salatif har suka kai ga shimfiɗa ɗaya, suka ɗora ta a kan silikon. A 2005 su da ƙungiyar Philip Kim ta Jami'ar Kolombiya a Amurka suka auna ta a cikin ƙarfin maganaɗisu, suka ga alamar da ba ta fitowa sai daga ilektiron irin na Dirac, a 2010 kuma aka ba mutanen Manchesta biyu kyautar Nobel. Jaridu sun fi son maganar ƙarfin girafin da yadda ya fi ƙarfe juriya, kuma gaskiya ne yana da ƙarfi, amma a ganina wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin mamaki a cikinsa.

Babban abin yana cikin wani sirri na saƙar zuma wanda kowa zai iya gani da idonsa. In ka zana ta a takarda ka shafa wa kusurwa ɗaya baƙi, maƙwabtanta uku ka bar su fari, ka ci gaba a haka, za ka tarar zanen ya rabu gida biyu cif, kowane baƙi fari ne kewaye da shi, kowane fari kuma baƙi. Igiyar ilektiron tana zaune a gidajen biyu lokaci ɗaya, kuma yadda kaɗawarta a gidan baƙi ke tafiya da kaɗawarta a gidan fari a ɗaure yake da inda ta fuskanta. In gabas ta nufa, gidajen biyu na kaɗawa da wani irin jituwa. In yamma ce, jituwar ta juye gaba ɗaya. Ma'anar wannan ita ce ilektiron ba zai iya juyawa ya koma inda ya fito ba sai an sami abin da zai taɓa gida ɗaya daban da ɗayan. Yawancin dattin da ke damun na'ura, kamar cajin da ya maƙale a ƙarƙashin shimfiɗar, tasirinsa a baje yake bisa zarra masu yawa, yana tura baƙi da fari daidai wa daida, don haka yana iya karkatar da ilektiron gefe amma ba shi da ikon mayar da shi baya kai tsaye. Tsuneya Ando da abokan aikinsa a Japan ne suka fayyace wannan a 1998, suka nuna cewa kowace hanyar komawa baya tana da tagwaniyarta da ke bin zagayen a juye, kuma in suka haɗu tudun ɗaya yakan faɗa cikin kwarin ɗaya su shafe juna. Sai aibi mai kaifi, kamar zarra ɗaya da ta ɓace daga gurbinta, shi ne ke iya karya wannan kariya. Na tuna daren da na fara ganin haka a lissafina na kwamfuta: na sa tudu mai laushi a tsakiyar hanya, na yi ta ƙara masa tsayi, adadin abin da ke wucewa ya ƙi motsawa, har na shafe kwanaki ina neman kuskure a cikin abin da na rubuta kafin na yarda cewa daidai ne.

Wannan hali yana da tsohon suna. A 1929 Oskar Klein ya gano cewa ƙa'idar Dirac tana barin ƙwaya ta ratsa katangar lantarki komai tsayinta, abin da aka daɗe ana ɗauka a matsayin ɗaurin kai na lissafi kawai, tun da ba a da hanyar gwada shi. A 2006 Mikhail Katsnelson tare da Novoselov da Geim suka nuna cewa a girafin ilektiron da ya tunkari irin wannan katanga kai tsaye zai wuce ɗari bisa ɗari, a 2009 kuma gwaje-gwaje a Kolombiya da Sitanfod suka ga alamunsa. Sai dai alherin nan shi ne kuma matsalar. Tiransista, wadda biliyoyinta ke cikin wayar hannu, makunni ce, kuma amfanin makunni shi ne ya kashe. Silikon yana da giɓi a tsakanin matakan kuzarinsa, in aka tura ilektiron cikin giɓin sai hanya ta rufe, bambancin kunnawa da kashewa ya kai ninki dubu goma zuwa sama. Girafin ba shi da wannan giɓi, kuma katanga ba ta tsare shi, shi ya sa bambancin a wurinsa bai cika wuce ninki goma ba a zafin ɗaki. Duk wanda ya ce maka girafin na gab da korar silikon daga kwamfuta, tambaye shi yadda zai kashe shi.

A nan ne bututun kabon ke shigowa, kuma tarihinsa ya riga na girafin a ɗakin gwaji. Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ya bayyana bututu masu bango da yawa a 1991, a 1993 kuma shi da wata ƙungiya ta IBM, kowa a nasa ɓangaren, suka sami mai bango ɗaya, wanda faɗinsa kusan nanomita ɗaya ne, wato silin gashi ya fi shi kauri sau dubu hamsin ko fiye. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a ɗauke shi a matsayin tabarmar girafin da aka naɗe har bakinta ya haɗu da baki. Duk wanda ya taɓa naɗe tabarma ya san ana iya naɗe ta a miƙe, ana iya naɗe ta a karkace, kuma a nan karkatar ita ce komai. Igiyar da ta zagaye bututun dole ta dawo ta haɗu da kanta daidai, ba tsalle ba ragi, don haka daga cikin dukan tafiye-tafiyen da shimfiɗa ke bari, kaɗan ne bututu ke amincewa da su. In waɗanda aka amince da su sun haɗa da wurin da matakan kuzarin girafin suka haɗu ba giɓi, bututun ya zama kamar ƙarfe. In sun kauce masa, giɓi ya buɗe, ya zama ɗan uwan silikon. Ana bayyana naɗin da lambobi biyu, adadin taku a kan kowace daga fuskoki biyu na saƙar, kuma ƙa'idar ba ta fi ƙarfin ɗan firamare ba: a ɗebe ƙaramar daga babbar, in abin da ya rage sifili ne ko yana rabuwa da uku, ƙarfe ne, in ba haka ba, mai giɓi ne. Bututun 10 da 10 ƙarfe ne, na 10 da 0 mai giɓi ne, na 9 da 0 kuma yana cikin dangin ƙarfe, ko da yake lanƙwasar bango takan buɗe masa wani ɗan giɓi ƙanƙani. Ƙungiyoyi uku ne suka fitar da wannan a 1992, cikinsu har da ta Mildred Dresselhaus a jami'ar MIT ta Amurka, tun kafin a ga bututu mai bango ɗaya, kuma sai a 1998 aka tabbatar da shi da ido a Delf ta ƙasar Holan da kuma Jami'ar Habad ta Amurka.

Yanzu ga wayar da Kawu ya tambaya. Bututun ƙarfe mai tsabta hanya ce da ba ta da gefe, gaba ne ko baya kawai, kuma mun ga cewa baya a rufe take. Ilektiron da ya shiga ta wannan baki zai fita ta wancan. Duk da haka in aka auna, turjiyar ba ta sauka ƙasa da kusan om 6,450 (om shi ne ma'aunin turjiya), kuma muddin bututun bai wuce tsawon da ilektiron ke ci ba tare da karo ba, wanda ya kai kusan maikiromita ɗaya, wato nanomita dubu, a zafin ɗaki, ko an ninka tsawonsa adadin ba ya canjawa. Wanda ya buɗe hanyar fahimtar wannan shi ne Rolf Landauer na IBM, tun a 1957, da ya ce a daina tambayar yawan karo, a tambayi hanyoyi nawa ne a buɗe da kuma kashi nawa ke wucewa ta kowace. Kowace hanya guda tana da iyakar abin da za ta ɗauka, domin ilektiron biyu ba sa zama a hali ɗaya, dole su bi layi, kuma wannan iyaka daidai take da turjiyar om 25,813, adadin da ke fitowa daga cajin ilektiron da lambar Planck, wata tsayayyar lamba ta fiziya, kawai, ba ruwansa da irin sinadarin. Bututun ƙarfe yana da irin waɗannan hanyoyi huɗu a jere, in ka raba 25,813 gida huɗu ka sami abin da ake aunawa. Mu da muka tashi a Makka ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. Wanda ya taɓa fitowa daga Harami bayan sallar tarawihi ya san cewa ko da hanyar da ke bayan ƙofa fayau take, ba kowa a kanta, yawan masu fita a minti ɗaya yana hannun adadin ƙofofin da aka buɗe. Wayar zinariya ko faladiyom da ake haɗawa da bututun tana da hanyoyi dubbai, bututun yana da huɗu, don haka turjiyar tana zaune ne a bakin shiga da bakin fita, kuma zafin da take haifarwa a can cikin manyan wayoyin yake sauka, ba a jikin bututun ba.

Ba na son in bar mai karatu da zaton cewa bututun ba shi da iyaka. In aka matsa masa da ƙarfin lantarki, ilektiron yakan tara kuzarin da zai iya girgiza saƙar da kansa, kuma irin wannan girgiza mai kaifi tana mayar da shi baya. A shekarar 2000 Zhen Yao da Charles Kane da Cees Dekker suka ga wutar tana tsayawa a kusan maikiro'amfiya 25, wato kashi 25 cikin miliyan na amfiya, komai ƙarin da aka yi. Matsalar da ta fi wannan girma ta masana'anta ce. In aka toya bututu a tanderu suna fitowa ne a gauraye, kusan kashi ɗaya cikin uku ƙarfe, biyu masu giɓi, kuma ƙarfe ɗaya da ya ɓuya cikin tiransista ya isa ya hana ta kashewa, kamar wayar da ta haɗe wuta ta bayan makunni. Ƙungiyar Dekker ta yi tiransista ta bututu ɗaya a 1998, amma sai a 2019 aka haɗa cikakkiyar ƙwaƙwalwar kwamfuta mai tiransista sama da 14,000 a MIT, adadin da silikon ya wuce tun a ƙarshen shekarun 1970.

Akwai wani darasi da ya fi zama mini a rai, wanda ya shafi mu masu alƙalami. Lissafi ya ce in aka kwashe duk ilektiron masu yawo daga girafin, aka tsayar da shi daidai wurin da giɓin ya rufe, ba zai daina wuce da lantarki ba, akwai ƙaramin adadi da zai rage, kuma ƙungiyar Carlo Beenakker a Laiden ta ƙasar Holan ta fitar da shi dalla-dalla a 2006. Amma abin da aka fara aunawa ya ninka na lissafin kusan sau uku, har aka riƙa kiran abin da ɓatan lambar fai, wato 3.14 da ake lissafin da'ira da ita, domin kamar ita ce ta faɗi daga amsar. Ba lissafin ne ya yi kuskure ba, ba kuma ma'aunin ba; abu biyu daban ake magana a kai. Shimfiɗar da ke ɗakin gwaji tana kwance ne a kan silikon mai ɗauke da caji a warwatse, wanda ya mayar da ita kamar fili bayan ruwan sama, nan kududdufin ilektiron, can kududdufin gurabensu, lantarki na tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Ƙungiyar Sankar Das Sarma a Jami'ar Merilan ta Amurka ta yi lissafin wannan a 2007, a 2008 kuma aka ɗauki hoton kududdufan. A shekarar ce aka rataye girafin a iska a Kolombiya, ba abin da ke taɓa shi a ƙasa, sai sauƙin tafiyar ilektiron a cikin sanyi mai tsanani ya haura 200,000 a ma'aunin da silikon ke ba da kusan 1,400 a zafin ɗaki. Daga 2010 aka koma shimfiɗa shi a kan wani lu'ulu'u na boron da naitirojin, wanda Kenji Watanabe da Takashi Taniguchi ke toyawa a Tsukuba ta Japan. Ina ganin ɗalibin da ya iya lissafin shimfiɗa mai tsabta bai gama koyon sana'ar ba tukuna. Gwaninta tana farawa ne ranar da ya iya sa datti cikin lissafinsa ta yadda amsar za ta yi magana da abin da ke kan tebur.

Da aka sami wannan tsabta sai wani hali na uku ya bayyana, wanda ba na kasuwa ba ne, ba kuma na hanya fayau ba. In datti ya yi ƙaranci, zafi kuma ya kai matsakaici, abin da ilektiron ya fi cin karo da shi shi ne ɗan uwansa. Irin wannan karo ba ya rage tafiyar taron gaba ɗaya, domin abin da ɗaya ya rasa ɗaya ne ya karɓa, don haka sai su koma gudana kamar ruwa mai kauri. Radii Gurzhi ya yi hasashen haka a Kharkob tun 1963, amma ƙarafa na yau da kullum ba su da tsabtar da za a gan shi sosai. A 2016 aka auna a Manchesta cewa kusa da inda ake zuba lantarki cikin girafin ƙarfin wutar yakan juye, alamar ruwan yana juyawa baya kamar yadda yake yi a gefen rafi, kuma kaurin da aka ƙiyasta masa ya fi na zuma. A 2017 Leonid Levitov da Gregory Falkovich da abokansu suka yi lissafin abin da zai faru in irin wannan ruwa ya tunkari ƙuntatacciyar ƙofa, suka ce zai wuce fiye da iyakar da ilektiron masu tafiya ɗai-ɗai ke iya kaiwa, kuma a shekarar aka gwada aka tarar haka ne, a yanayin da bai kai digiri 150 na Kelbin ba, wato sama da digiri 120 ƙasa da daskarewar ruwa. Dalilin shi ne wanda ke tafiya shi kaɗai, in bai saiti ƙofar ba, bango zai buga ya koma. Wanda ke cikin taro kuwa na kusa da shi ne za su ja shi su karkatar da shi zuwa bakin ƙofar ko bai gan ta ba. Na sha jin wannan a jikina a daren ashirin da bakwai ga Ramadan, lokacin da mutum ba ya zaɓen inda zai sa ƙafa. Kwatancin yana da iyaka, domin mutane in suka matsu a ƙofa sukan cushe su tsaya, ilektiron kuwa ba su da kafaɗar da za ta maƙale, kuma ƙofar da ake magana a nan ta fi bututu faɗi nesa ba kusa ba, tana ɗauke da hanyoyi masu yawa. A bututu mai hanya huɗu adadin nan na 6,450 yana nan daram.

Da Kawu ya sake zuwa bayan mako uku na zauna na faɗa masa duk wannan a tsanake, na tsaya a kan maganar ƙofa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a aikinsu ma in aka kira shi gidan da waya ta ƙone, ba tsakiyarta yake fara dubawa ba, mahaɗa yake nema, inda aka ɗaure da sukurun da bai kamu ba. Na ce masa dalilin ya bambanta, domin nasa sakaci ne da hannu ke gyarawa, wannan kuwa ko mahaɗar ta kai ƙarshen kyau yana nan. Ya ciro ƙaramin littafin da yake rubuta awon gidaje, ya ce in maimaita masa adadin, ya rubuta 6,450 a bangon baya, sannan ya tambaye ni ko mitarsa ta aiki za ta iya karanta shi. Na ce, "Za ta iya, Kawu, adadin yana cikin abin da take aunawa kullum, wahalar ita ce yadda za ku kama bakin bututun da ƙugiyoyinta."